Gargaɗin Makiro a Access: Me Aka Yarda Mai Girka Manhaja Ya Taɓa a Rajista?

Duk wanda ya taɓa buɗe rumbun bayanai na Microsoft Access da wani ya haɗa masa, ya san layin nan mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a saman allo. Maɓallai su ƙi motsi, fom ya tsaya cak, sai an danna an ba da izini. Masu haɗa manhaja ba sa ƙaunar ganinsa, don kwastoma na iya ɗauka ƙwayar cuta aka sayar masa. Shi ya sa wasunsu ke sa shirin girkawa ya shiga rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunan kwamfuta, ya rufe bakin gargaɗin tun bai fito ba.

Ba don a takura wa kowa aka kafa ƙa'idar ba. Makiro da shirye-shiryen VBA (yaren rubuta umarni na Office) umarni ne da kan iya tashi da zarar an buɗe fayil, su goge takardu ko su sauko da muguwar manhaja. A 1999 ƙwayar cutar Melissa ta makiron Word ta bi, ta riƙa aika kanta ta imel. Tunda Access bai san na kirki da na banza ba, sai ya tsayar da duka ya tambayi mai kwamfuta.

Ƙofa biyu ce a rajista ta rufe bakin gargaɗin, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce VBAWarnings, a ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Office\16.0\Access\Security. Lamba 2 ita ce ta asali: a dakatar a sanar. Lamba 3 na barin masu sa hannun dijital kawai, 4 na toshe komai shiru, ita kuwa 1 ta buɗe wa kowa. Microsoft da kansu ba su ba da shawarar a zaɓi 1 ba. Mai girkawar da ya rubuta ta, ba rumbunsa kaɗai ya wanke ba, ya cire wa mutum ƙyaure ne ga duk fayil ɗin Access da wani zai turo masa gobe, ba tare da ya sani ba. Ni dai a wurina wannan cin amana ne, ko da niyyar mai kyau ce.

Ƙofa ta biyu ita aka tanada don wannan buƙata. Tun daga Office 2007 akwai tsarin amintattun wurare: a ƙarƙashin Trusted Locations, cikin wancan reshen Security, sai a ƙirƙiri ƙaramin reshe guda, a rubuta adireshin folda a Path, in ana son foldojin cikinta su shiga a sa AllowSubfolders ya zama 1. Abin da ke cikin foldar ya buɗe lami lafiya, saura kuma gargaɗi na nan daram. Masu amfani da Access Runtime (sigar Access ta buɗe rumbu kawai, ba ta haɗa shi ba) ma wannan ce mafitarsu, tunda babu allon saiti a cikinsa. Sai dai a zaɓi ƙaramar folda ta manhajar kaɗai. Wanda ya aminta da duk faifan C, ko foldar da abubuwan intanet ke sauka, bai bambanta da mai rubuta 1 ba.

A ma'aikatu kuwa maganar ba a hannun mai girkawa take ba. In sashen kwamfuta ya kafa dokarsa ta Group Policy, hanyar da Windows ke ɗora saiti a kan kwamfutocin ma'aikata, tana zama a reshen Policies na rajista, kuma ita ke rinjaye a kan duk abin da mai girkawa ya rubuta a ƙofofin nan biyu. Tana iya ma hana ƙara amintaccen wuri gaba ɗaya. A nan izini ake nema, ba dabara ba. Sannan tun 2022 Office ke toshe makiron fayilolin da suka zo daga intanet kai tsaye, da jan layi wanda babu maɓallin amincewa a jikinsa.

Akwai kuskure biyu da ke yawan kayar da mutane. Lambar 16.0 ta Office 2016 ce zuwa Microsoft 365. Na 2013 yana 15.0, na 2010 yana 14.0, na 2007 yana 12.0, don haka in aka rubuta a reshen da ba shi ba, aikin banza aka yi. Na biyu, reshen HKEY_CURRENT_USER na mutum ɗaya ne. In mai kula da kwamfuta ya girka da asusunsa, saitin a nasa zai zauna, ma'aikacin da zai buɗe rumbun da safe ya tarar da layin ruwan ɗorawa na jiransa.