Kafin a Ƙara wa Ciyawa Ruwa da Taki, a Duba Ƙarƙashinta

Jama'a, musamman gadinonin makarantu, da masu kula da filayen ƙwallo da farfajiyar masallatai da gidaje a Birnin Kebbi, Argungu, Jega da kewaye, wannan kira naku ne. Ƙorafin da muka fi ji a wajen aiki shi ne: ana ba ciyawa ruwa safe da yamma, an zuba mata takin yuriya, amma sai ƙara yin rawaya take yi. Sau da yawa matsalar tana ƙasa, inda ido ba ya gani.

Kiri-kiri, wadda aka fi shukawa a filayenmu saboda juriyar zafi da tattaki, tana yaɗo ne ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa. Tsofaffin jijiyoyinta da kararenta suna mutuwa su taru tsakanin koren ganye da ƙasa, su zama wata shimfiɗa kamar katifa. Idan kaurinta bai wuce santimita 1 ba, alheri ce, tana riƙe laima. Da ta kai santimita 2 zuwa 3, ta zama cuta. Ruwa ya tsaya a cikinta bai isa ƙasa ba, taki ya maƙale, saiwa kuma ta biyo ruwan zuwa sama. Ranar da famfo ya ɗauke a watan Afrilu, rana ta gasa saiwar nan take. Ita ma gara, mai cin itace, tana son wurin.

Ganewa ba wuya. A sa wuƙa ko bakin cebur a yanko ɗan yanki mai zurfin yatsa, a dubi gefensa. Ko a taka filin: in ƙafa tana lumewa, shimfiɗar ta yi kauri.

Me ke hana ta ruɓewa? Tsutsar nan da ake kira tana da sauran ƙananan halittun cikin ƙasa ne ke cinye ta, su kuma sai da iska. Ƙasar da yara da motoci suka danƙare, ko laka irin ta gefen fadama, ko jan marmara da aka cika wuri da shi lokacin gini, ba ta numfashi. Yawan yuriya na sa ciyawa tsirowa fiye da yadda matacciyar za ta iya ruɓewa. Yayyafin ruwa kaɗan-kaɗan kullum da yawan feshin maganin ƙwari suna ƙara dagula lamarin. Ganyen da aka aske kuwa ba shi ne mai laifi ba, da wuri yake ruɓewa.

Maganin shi ne a huda ƙasar. Ba sai an nemi inji ba. Ku je wurin mai walda ya yi muku bututun ƙarfe mai faɗin babban yatsa, da wurin taka ƙafa da ɗan tsagi a gefe inda ƙasa za ta fita. Ni na fi son wannan a kan rodi mai tsini, domin rodi yana ture ƙasa gefe ne, ya ƙara danne bangon ramin, shi kuwa bututu cire ta yake yi. A huda zurfin santimita 7 zuwa 10, tazara kamar faɗin tafin hannu, a ƙara yawa a bakin raga da hanyoyin da ake bi. Curin ƙasar da ya fito a bar shi a kan filin, a farfasa da manjagara. Yana ɗauke da halittun da za su ci shimfiɗar. Sai a watsa rairayi gauraye da takin dabbobi da ya ruɓe sarai, a share shi cikin ramukan.

Lokaci na da muhimmanci. A jira ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ciyawa na tsirowa da ƙarfinta, ƙasa da laima amma ba ta caɓe ba. Kada a yi cikin hunturu ko bazara. Banka wa filin wuta da rani kuma ba gyara ba ne. Sau ɗaya a shekara ya isa a ƙasa mai laka ko filin wasa. A jigawa ana iya tsallake shekara. Bayan nan a koma ba da ruwa mai yawa sau biyu ko uku a mako, da sassafe, domin saiwa ta nutsa.