Abin da ke sa ciwon daji barin inda ya tsiro

Tambayar da aka fi yi mini a wurin aiki ita ce: "An ce in likita ya sa wa ciwon daji wuƙa sai ya bazu, haka ne?" Tsoron nan ya zaunar da mata da yawa a gida da ƙullutu a nono, wata da watanni. Abin yana ci mini rai, domin abin da ke tayar da ciwon daji ya kama hanya yana cikin ƙwayar ciwon ita kanta.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da umarnin gado kusan 20,000, amma ba duka take aiki da su ba. Akwai wasu furotin, wajen 1,600, waɗanda aikinsu shi ne su buɗe wannan umarni su rufe wancan. Shi ya sa ƙwayar fata ba ta zama ta hanta, alhali abin da suka gada ɗaya ne.

Ƙwayoyin da ke jere a hanyoyin ruwan nono manne suke da juna, wani furotin mai suna E-kadarin ne ke riƙe su kamar danƙo. A 2000 masu bincike suka nuna cewa furotin Snail yana rufe umarnin yin wannan danƙo. A 2004 kuma, a ɗakin binciken Robert Weinberg a Amurka, aka toshe ɗan'uwansa Twist a ƙwayoyin sankarar nono ta ɓeraye, sai bazuwarta zuwa huhu ta ragu ƙwarai. Su waɗannan furotin da aikinsu na alheri: da su ɗan tayi ke ginuwa a ciki. Ciwon ne ke tashin su ba a lokacinsu ba. Danƙo ya saki, ƙwaya ta ɓalle, ta kutsa jijiyar jini ko ta bi ta kaluluwar hammata, ta je ta yada zango a ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Yawancin waɗanda ciwon daji ke kashewa, wannan bazuwar ce ke kashe su.

Akwai kuma wani furotin mai gadi, p53, da aka gano a 1979. In ƙwaya ta lalace, shi ke tsayar da ita ko ya sa ta mutu. A kusan rabin cututtukan daji an same shi a lalace. Ƙwayar cutar HPV ma shi take karyawa kafin ta haddasa sankarar bakin mahaifa, don haka ku kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafi.

To, 'yar'uwa, ga inda maganar ta zo kanki. In an ce za a tsakuro ɗan nama daga ƙullutun, kada ki gudu. Yanka shi ake yi siriri, a shimfiɗa a kan gilashi, a zuba masa wani rini. In tsakiyar ƙwayoyin ta rine ta yi ruwan ƙasa a madubin likita, ciwon yana ɗauke da furotin mai karɓar estirojin, wato sinadarin jikin mata. Wannan furotin shi ma mai buɗe umarni ne. Mafi yawan sankarar nono irin wannan ce, kuma akwai ƙwayar magani, tamoksifen, da ke toshe shi. Ana shan ta kullum, shekara 5 ko fiye. Ran da za ki karɓi sakamako, ki tafi da wani naki, ki tambayi likita wane iri ne naki da kuma ko ya kai kaluluwa.