Sikel, ki da kod: tambayoyi da amsoshi ga mai koyon jita

Akwai masu kaɗa jita da kunne kawai kuma sun ƙware. Me zai sa in wahalar da kaina da ƙa'ida?

Mai kaɗawa da kunne shi ma ƙa'idar yake bi, sunayenta ne bai haddace ba. Matsalar tana fitowa ranar da mawaƙi ya ce waƙar ta yi masa sama, a sauke ta, ko mai fiyano ya ce a kama G. Wanda ya haddace wurin ɗora yatsu kaɗai sai ya tsaya cak. Wanda ya san lissafin sai ya matsar da hannunsa ya ci gaba. Kuma lissafin ba mai yawa ba ne: kusan duk abin da mafari yake buƙata ƙirga firet ne, wato ƙananan ƙarafan nan da aka gitta a wuyan jita.

Sautuka nawa ne, kuma ina suke a jikin jita?

Goma sha biyu ne, daga nan sai su maimaita kansu a sama. Bakwai suna da haruffa: A, B, C, D, E, F, G. Sauran biyar suna tsakaninsu, ana rubuta su da alamar # idan an hau, ko ƙaramar b idan an sauko. Saboda haka F# da Gb wuri ɗaya ne. Kowane firet taki ɗaya ne a cikin goma sha biyun, shi ya sa firet na 12 yake ba da sautin da tsirkiya take bayarwa a sake, wato ba a danna ta ba, sai dai ya fi tsini.

Abin da ke rikita mutane shi ne haruffan ba su da tazara iri ɗaya. Tsakanin E da F firet ɗaya ne, tsakanin B da C ma ɗaya ne, sauran duk bibbiyu.

Ana ƙirga tsirkiyoyi daga siririyar, ita ce ta 1, mai kaurin ita ce ta 6. Saitin da aka saba, daga ta 6 zuwa ta 1, shi ne E, A, D, G, B, E. Ka fara haddace biyu masu kauri, domin a kansu tushen yawancin kod yake, kod kuwa sautuka ne da ake kaɗawa tare. A ta 6: F a firet na 1, G a 3, A a 5, B a 7, C a 8, D a 10. A ta 5: B a 2, C a 3, D a 5, E a 7, F a 8, G a 10.

Wani malami yana cewa C, D, E, wani kuma Do, Re, Mi. Abu ɗaya ne?

Wani lokaci ɗaya ne, wani lokaci ba ɗaya ba ne, kuma wannan yana haddasa saɓani tsakanin makaɗan Najeriya da na Nijar. A tsarin Faransa, wanda ake bi a Yamai da Zinder, Do kullum C ce, Re D ce, Sol G ce, La A ce, ba sa motsi. A tsarin da ƙungiyoyin mawaƙa da makarantu da yawa suke bi a Najeriya, Do tana nufin sautin farko na duk ki ɗin da ake ciki, wato sautin da waƙar take hutawa a kansa. Idan ana G, to G ce Do. Kafin ku fara kiɗa da baƙo, ka tambaye shi wanne yake nufi.

Mene ne sikel?

Zaɓaɓɓun sautuka ne daga cikin goma sha biyun, an jera su da tazara sananniya. Sikel ɗin mejo yana da bakwai, tazararsa a firet kuwa ita ce 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1.

Kada ka fara koyonsa a tsirkiya shida. Ka ɗauki ta 3, wadda take G a sake, ka bi ta ita kaɗai: a sake, firet 2, 4, 5, 7, 9, 11, 12. Ka kaɗa G, A, B, C, D, E, F#, G ke nan. Yanzu ka sake, amma ka danna 10 maimakon 11. Kunnenka zai ji ƙarshen ya rasa wannan jan da yake kai mutum gida. Dalilin da ya sa G take da F# ke nan, ba wani ne ya zauna ya ƙaƙaba mata ba. Duk inda ka fara, in ka bi tazarar nan, mejo za ka samu.

Na maino tazararsa 2, 1, 2, 2, 1, 2, 2. Gwada shi a tsirkiya ta 5: a sake, 2, 3, 5, 7, 8, 10, 12. Za ka lura sautukan A maino su ne dai na C mejo, wurin farawa ne ya bambanta. Kowane mejo yana da irin wannan ɗan'uwa, firet uku ƙasa da shi: C da A maino, G da E maino, D da B maino.

To kod fa, daga ina yake fitowa?

Daga sikel. Ka ɗauki sauti, ka tsallake na gaba, ka ɗauki na uku, ka tsallake, ka ɗauki na biyar. Daga C: C, E, G. Ko da ka kaɗa tsirkiya biyar ko shida, sautuka ukun nan ne suke maimaituwa.

Bambancin kod ɗin mejo da na maino firet ɗaya tak ne, a sautin tsakiya. A mejo, daga tushe zuwa na tsakiya firet 4 ne, daga nan zuwa na sama 3. A maino kuwa 3 ne sannan 4. Hanya mafi sauƙi ta ji: kama E maino, wato firet na 2 a tsirkiya ta 5 da ta 4, sauran a sake. Kaɗa. Sai ka ɗora manuniya a firet na 1 na tsirkiya ta 3. G ta koma G#, kod ya zama E mejo. Ka riƙa ɗorawa kana ɗagawa har sai ka iya bambance su ido a rufe. Haka A mejo da A maino, a tsirkiya ta 2 bambancin yake, firet na 2 ko na 1. Ana yawan cewa mejo na farin ciki ne, maino na baƙin ciki. Kada ka riƙe wannan da ƙarfi, akwai kiɗan rawa da yawa a maino.

Idan aka ce waƙa tana ki na G, me ake nufi? Waɗanne kod zan kama?

Ana nufin G ce gidan waƙar, a nan take hutawa, kuma yawancin sautukanta daga sikel ɗin G suke. Idan ka gina kod a kan kowane sauti na sikel ɗin mejo, tsarin ba ya canzawa: na 1, na 4 da na 5 mejo ne, na 2, na 3 da na 6 maino ne. Na 7 wani takurarre ne da mafari zai iya ajiyewa tukuna.

A ki na G: G, Am, Bm, C, D, Em (ƙaramar m tana nufin maino). A C: C, Dm, Em, F, G, Am. A D: D, Em, F#m, G, A, Bm.

A nan ne ake cin ribar lambobi. Maimakon ka haddace cewa waƙa tana bin G, Em, C, D, ka riƙe cewa 1, 6, 4, 5 ce. In aka mayar da ita C, nan take ka san C, Am, F, G ce. Kowace lamba da aikinta: 1 hutu ce, 4 fita ce, 5 kuwa ba ta zama, tana neman komawa 1. Abin da ke jan ta shi ne sautin tsakiyarta, wanda firet ɗaya ne ƙasa da tushen ki. A kod ɗin D, F# ce, tana jingine da G. Wannan ne ma dalilin da ya sa a A maino makaɗa suke yawan kama E mejo maimakon Em: suna son G# ta ja su zuwa A.

Yaya zan gano ki ɗin waƙar da nake saurara?

Ka saurari inda muryar take sauka a ƙarshen baiti ko amshi, ka riƙe wannan sautin da bakinka, ka bi tsirkiya ta 6 firet bayan firet har sai ya haɗu da muryarka. Sai ka gwada kod ɗinsa na mejo da na maino, ɗaya zai zauna. Kod ɗin farko ba hujja ba ne, waƙoƙi da yawa suna farawa a 4 ko 6.

Idan ki ɗin ya faɗo a wuri mai wuya kamar Bb, ga kafo, maƙalar nan da ake matsewa a wuyan jita. Kowane firet yana ɗaga komai da taki ɗaya. Kamun G da kafo a firet na 2 ya zama A, a na 3 ya zama Bb. Ka matse shi dab da ƙarfen, kuma ka sake duba saiti bayan ka sa shi.

Na gwada 1, 4, 5 a kan waƙoƙin gargajiya, ba su zauna ba. Me ya sa?

Domin da yawa daga cikinsu a kan sauti biyar aka gina su, ba bakwai ba. In ka cire na 4 da na 7 daga mejo, ka samu sikel mai biyar. Kod na 4 da na 5 kuma suna ɗauke da ainihin sautukan da waƙar ta bari, shi ya sa wani lokaci suke jin baƙunta. Ƙari a kan haka, goge da gurmi da kuntigi ba su da firet, sautinsu yakan faɗo tsakanin firet biyu na jita.

Dubi yadda makaɗan jitar Abzinawa na Agadez, irin su Bombino, suke yi: sukan zauna a kan kod ɗaya ko biyu, babban yatsa yana riƙe da tsirkiya mai kauri, sauran yatsu suna yawo a sikel mai biyar. Ga A maino mai biyar, A, C, D, E, G, a firet na 5: tsirkiya ta 6, firet 5 da 8, ta 5, ta 4 da ta 3, firet 5 da 7, ta 2 da ta 1, firet 5 da 8. Manuniya a 5, yatsan zobe a 7, ƙaramin yatsa a 8. Matsar da shi duka zuwa firet na 3, ya zama G maino.

Na kama kod daidai amma yana ƙara marar daɗi ko ya dushe.

Ka kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya ka gano mai laifin. In tana zizza, yatsa ya yi nisa da ƙarfen firet, matso da shi dab da bayansa. In ta mutu, ko yatsa ya hau kan ƙarfen ne, ko cikin wani yatsan yana taɓa ta. Lanƙwasa yatsu, ka danna da kansu, ka yanke farce. Dannawa fiye da kima kuma tana ɗaga sauti kaɗan, kod ya yi tsami.

Wani lokaci laifin jitar ne. A firet na 12, tazarar tsirkiya ta 6 da ƙarfe a jitar katako bai kamata ta wuce kusan milimita 3 ba. Zafin rana da bushewar hunturu suna motsa katako, don haka kada a bar ta cikin mota ko jikin taga. In sautin firet na 12 ya saɓa da na tsirkiya a sake, a fara canza tsofaffin tsirkiyoyi kafin a kai ta gyara. Saiti kuwa a yi shi kowane zama. Firet na 5 na kowace tsirkiya ya yi daidai da ta ƙasanta a sake, ban da ta 3, wadda ake dannawa a 4.

Wane atisaye ya kamata in riƙa yi?

Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Biyar a sikel kan tsirkiya ɗaya kana faɗin sunayen sautukan da baki. Goma a sauya kod, da manhajar ƙirga bugu a kan 60 a minti, kana canzawa duk bayan bugu huɗu, kuma kada ka ƙara sauri sai canjin ya daina tsayar da hannun dama. Biyar na ƙarshe ka ɗauki 1, 6, 4, 5 ka kaɗa ta a G, sannan a C, sannan a D. In F ta gagare ka a C, kama ƙaramarta a tsirkiya huɗu na ƙasa: firet 3 a ta 4, firet 2 a ta 3, manuniya kwance a firet na 1 na ta 2 da ta 1.