Ɗanku ya samu shiga sojan ruwa, yana jiran tafiya Onne: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Sunan yaro ya fito a jerin waɗanda Rundunar Sojin Ruwa ta Najeriya ta ɗauka. An yi murna, 'yan uwa da maƙwabta sun shigo barka. Bayan kwana biyu sai gida ya shiga wani halin da ba a cika maganarsa ba, wato zaman jiran ranar tafiya. Uwa barcinta ya ragu, uba ya yi gum, yaron kuwa yau yana ɗoki, gobe jikinsa ya yi sanyi. Waɗannan makonnin suna da nauyi, domin a cikinsu yaro zai iya rasa gurbin da ya sha wahala kafin ya samu, kuma a cikinsu ne iyaye ke da hannu fiye da kowa.

Ina ma za a kai shi, kuma me zai yi a can?

Makarantar horar da kuratan sojan ruwa tana Onne, a ƙaramar hukumar Eleme ta jihar Ribas, kusa da Fatakwal. A nan ake mayar da farar hula ƙaramin soja cikin kimanin wata shida: fareti, gudu, sarrafa bindiga, iyo, aikin jirgi da ladabin soja. Kada a haɗa ta da NDA ta Kaduna, inda ake yaye hafsoshi, ko Depot na Zariya, wanda na sojan ƙasa ne.

Bayan an yaye shi rundunar ce ke zaɓar inda za ta tura shi. Tana da manyan shiyyoyi uku, a Legas, Kalaba da Yenagoa. Amma ba duka aikinta ne a bakin teku ba: akwai sansani a Baga a gaɓar Tafkin Chadi, akwai a Lakwaja, akwai makarantar makamai a Kachia ta jihar Kaduna, da kwalejin harkar kayan aiki a Dawakin Tofa ta jihar Kano.

Wani ya kira mu ya ce mu turo kuɗi kada a cire sunan yaron. Mu biya?

Kada ku biya ko sisi. Ɗaukar kurata kyauta ne tun daga cike takarda a intanet har zuwa shiga makaranta, kuma rundunar kan nanata haka a sanarwarta. 'Yan damfara sun san lokacin jira ne zuciyar iyaye ta fi rauni. Sukan kira da sunan yaron daidai, wani lokaci har da lambarsa, domin jerin sunaye a fili yake, kowa na iya gani. Sanin sunan ba hujja ba ce cewa mai kiran yana ciki.

Abin baƙin ciki shi ne ba kullum baƙo ke yin wannan ba. Wani sa'in ɗan unguwa ne mai cewa ya san wani babba a Abuja. A sallame shi da mutunci, amma a sallame shi. Duk wani canjin rana ko wuri, a duba shafin rundunar na hukuma, a bar dogaro da abin da ake turawa a WhatsApp.

Yarona bai iya ruwa ba. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin teku ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Ana ɗaukar kurata daga kowace jiha, kuma da yawa daga cikin 'yan Arewa haka suke zuwa. Koyar da iyo yana cikin horon. In akwai wurin iyo mai tsabta da mai koyarwa a garinku, ya je ya saba da ruwa, tsoron ya fita, wannan alheri ne.

Abin da nake roƙon iyaye su hana shi ne zuwa kududdufi ko dam da abokai da sunan koyo. Ruwan dam ya ci matasa masu yawa a ƙasar nan. Ban da nutsewa, ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ba a son yaro ya isa gaban likitan soja da ita. Gara ya tafi bai iya ba, a koya masa a hannun waɗanda suka san aikin.

To me ya kamata ya riƙa yi kafin ranar?

Ya tashi da asuba ya yi gudu, kullum, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ya yi cikin takalmin da zai tafi da shi don ƙafarsa ta saba, saboda sabon takalmi kan yi wa kurtu rauni a makon farko. Ya rage zaman dare a majalisa. Ya fara wanke kayansa da gogewa da kansa, ya gyara shimfiɗarsa. A nan sai uwa ta danne zuciyarta, domin tausayi zai sa ta so yi masa komai a kwanakin ƙarshe, alhali a can babu mai yi masa.

Ya kiyaye jikinsa daga rauni. Ƙwallon unguwa mai zafi, gudu a kan babur, rigimar majalisa: karaya ɗaya ta isa ta ɓata komai. Kada ya yi zane a jiki, rundunar ba ta karɓa. Batun ƙwaya kuwa uba ya zaunar da shi su yi shi a fili, ko da yana ganin ɗansa ba ya sha. Tiramadol, kodin da wiwi suna fitowa a gwaji, kuma abokan da ke shirya masa liyafar bankwana ba su ne za su ɗauki asarar ba.

In yana da wani ciwo da ke damunsa, haƙori, basir, zazzaɓi mai dawowa, a kai shi asibiti yanzu. Ɓoye ciwo don a samu shiga ganganci ne. Horon yana da tsanani, kuma yanayin Onne daban yake da na Arewa: ruwan sama a yankin Fatakwal ya haura milimita 2000 a shekara, na Kano bai cika kai 1000 ba. Ga laima, ga sauro.

Waɗanne takardu da kaya za mu haɗa?

Takardun asali na makaranta, na haihuwa ko na bayyana shekaru, takardar shaidar ƙaramar hukuma, NIN da BVN, da takardun da ya fitar daga intanet lokacin neman aikin, har da wadda uba ko waliyyi ya sa wa hannu. Ku zauna ku jera su ku duba rubutun suna da ranar haihuwa. Mu Hausawa mun sha fama da wannan: Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, sunan gari a matsayin sunan mahaifi a ta uku. In akwai saɓani, a gyara ta hanyar doka tun akwai lokaci. A ajiye kwafin komai a gida.

Kaya kuma, rundunar kan fitar da jerin abin da za a zo da shi, irin su farar singileti, gajeren wando, kambas da safa. A bi jerin rukunin da aka ɗauke shi a ciki (batch) kawai, ban da ƙari. Babbar jaka cike da kayan ado da turare wahala ce gare shi.

Kakarsa ta ce a ɗaura masa aure kafin ya tafi, ya bar mata a gida.

A ba Hajiya haƙuri, a yi mata bayani cikin ladabi. Sharaɗin ɗauka shi ne mai nema ya kasance ba shi da aure, kuma ko bayan yaye shi akwai ƙa'idar da soja ke bi kafin ya yi aure. Ɗaura shi a ɓoye yana sa yaro ya fara aiki da ƙarya a takardarsa, ya kuma bar 'yar mutane cikin jira. In akwai yarinyar da yake so, manya su yi magana, a bar sauran sai ya dawo.

Ni uwarsa ce. Na kasa daina kuka, kuma ba na so ya gani.

Mama, kukanki ba laifi ba ne. Aikin soja yana da haɗari, kuma duk wanda ya ce miki babu bai faɗa miki gaskiya ba. Sojan ruwa suna fuskantar ɓarayin mai da 'yan fashin teku a Neja Delta, wasu suna Tafkin Chadi. Tsoronki yana da tushe.

Amma akwai bambanci tsakanin ya ga hawayenki da ya tafi yana zaton ba ki yarda ba. Yaron Bahaushe zai iya jure gwale-gwale da rana da yunwa. Abin da ke karya shi a daren da ya gaji shi ne tunanin ya fito ba da albarkar uwa ba. Don haka ki kira shi ɗaki, ke da shi, ki faɗa masa da bakinki: na yarda, na yafe maka, Allah ya yi maka albarka. Kada ki bari kunyar ɗan fari ta hana ki. Ko sunansa ba kya faɗa, wannan maganar ki faɗe ta. Sauran damuwar ki kai wa 'yar uwarki, ko wata uwar da ɗanta ya riga ya shiga, ki kai wa Ubangiji a sujada.

Uba ma haka. Yawancin iyaye maza sukan tsaya ga nasiha: ka riƙe salla, ka bi na gaba, kada ka zubar mana da mutunci. Duk daidai ne. A ƙara da cewa ana alfahari da shi, domin da yawa daga yaranmu ba su taɓa jin wannan daga bakin mahaifinsu ba.

Wani abu kuma da nake ganin zalunci ne ko da ba da niyya ba: a fara lissafa masa albashin da bai karɓa ba. Kuɗin makarantar ƙanne, rufin ɗaki, bashin taki. Yaron da ke jin gida duka ya rataya a wuyansa yakan ɓoye ciwo a wurin horo don tsoron a koro shi.

Kwana biyun nan yana cewa kamar ya fasa.

A saurare shi kafin a yi faɗa. Sau da yawa fargabar rabuwa ce da labaran da abokai ke ba shi, kuma takan wuce in ya zauna da wanda ya taɓa yin horon. A nemo masa irin wannan mutumin. In kuwa aka gano tun asali ba ya so, tura shi aka yi, to yanzu ne lokacin magana. Janyewa kafin tafiya asarar dama ce kawai. Gudu bayan an zama soja laifi ne a dokar soja.

Za mu riƙa jin muryarsa?

Ku shirya wa shiru mai tsawo, musamman a farko. Kurtu ba ya riƙe da waya yadda ya saba. Ya haddace lambobi biyu na gida, ya kuma rubuta su a takarda. Ku yi yarjejeniya tun yanzu: duk wanda ya kira ya ce yaron yana asibiti a turo kuɗi, ba za a tura ba sai an ji daga bakinsa ko daga hukumar makarantar. Idan ya samu kira na minti biyu, kada a cika shi da labarin rigimar gida.

Salla fa? Kuma idan 'ya mace ce?

Rundunar tana da limamai da masallatai, kamar yadda take da limaman Kirista da coci. Lokaci ne zai yi masa ƙaranci, don haka ya je wurin malaminsa ya koyi hukuncin sallar matafiyi da abin da ake yi in lokaci ya ƙure.

Mata ma ana ɗaukarsu, kuma duk abin da aka faɗa a sama ya shafe su. Ƙarin nauyin da ke kan iyayen 'ya mace shi ne bakin mutane. In kun amince ta tafi, ku tsaya mata a gaban dangi, kada a bar ta tana kare kanta ita kaɗai.

Ranar tafiya, mu raka shi har can?

Ba dole ba ne, kuma a bakin ƙofa za a tsayar da ku. Daga Kano zuwa Fatakwal ya fi kilomita 1000 a mota, saboda haka ya tashi da wuri yadda zai isa kafin ranar da aka sa, ya guji tafiyar dare, in da hali ya haɗu da sauran 'yan jiharsu da aka ɗauka su tafi tare. Takardu su kasance cikin leda a jakar da ke jikinsa, ba a but ɗin mota ba. Kuɗin rakiyar ku adana shi don faretin yaye su, wanda ake gayyatar iyaye.