Waiwaye: Yadda zaɓen cike gurbi ya zama ciwon kai a Jamhuriyar Ayalan

A Jamhuriyar Ayalan babu mazaɓar da ke tura mutum ɗaya majalisar wakilai, wadda suke kira Dáil. Kowace mazaɓa tana da kujeru uku, huɗu ko biyar, mai zaɓe kuma yana jera 'yan takara ne da lamba: wannan na ɗaya, wancan na biyu, har inda ya ga dama. A mazaɓa mai kujeru biyar, ɗan takara na buƙatar ɗan abin da ya haura kashi ɗaya bisa shida na ƙuri'u kafin ya haye. Da wannan tsari ne ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu ke samun shiga, kuma al'ummar ƙasar sun riƙe shi da hannu bibbiyu: sau biyu, a 1959 da 1968, aka nemi su sauya shi a ƙuri'ar raba gardama, suka ƙi.

Matsalar tana tasowa ne ranar da ɗaya daga cikin wakilan ya rasu ko ya ajiye muƙami. Kujera ɗaya ce ta zama wofi, amma duk mazaɓar ake kira ta fito, kuma wanda zai ɗauke ta sai ya tara rabin ƙuri'u bayan an gama juya ƙuri'un waɗanda suka faɗi zuwa zaɓinsu na biyu da na uku. Kujerar da aka ci da kashi ɗaya bisa shida ta koma sai da rabi ke nan. Idan ta ƙaramar jam'iyya ce, magoya bayanta na iya wayar gari ba su da wakili, ba don sun sauya ra'ayi ba.

Jam'iyyu sun daɗe da gano dabarar rage wannan haɗari: su tsayar da ɗan marigayin ko matarsa, ƙuri'ar tausayi ta yi aikinta. Ta haka Enda Kenny ya gaji mahaifinsa a Mayo ta Yamma a 1975, Brian Cowen kuma ya gaji nasa a Laois-Offaly a 1984. Dukansu biyu sun zama firaminista daga baya.

Gwamnatoci kuwa tsoron wannan zaɓe suke yi, kuma da dalili. Daga 1982 har zuwa 2011 babu jam'iyyar da ke kan mulki da ta ci zaɓen cike gurbi ko ɗaya. Na 1994 ma sun fi zafi: kujerun da 'yan adawa suka kwashe a shekarar ne suka sauya lissafin majalisa, har John Bruton ya kafa sabuwar gwamnatin haɗaka a watan Disamba ba tare da an je babban zaɓe ba. Ga shi kuma majalisa ce ke ba da umarnin a yi zaɓen, dokar kuma kafin 2011 ba ta yanka wa'adi ba. A lokacin, wanda ke da rinjaye a majalisa shi ke riƙe da kalanda.

A nan ne batun Donegal ta Kudu maso Yamma ya shigo, kuma shi ne ya karya ƙashin bayan tsohuwar al'adar. A watan Yunin 2009 aka zaɓi Pat Gallagher na jam'iyyar Fianna Fáil zuwa majalisar Tarayyar Turai, kujerarsa ta zama babu kowa. Gwamnatin Brian Cowen, wanda shi kansa ta wannan ƙofa ya shiga majalisa, tana tangal-tangal da ƙaramin rinjaye ga tattalin arziki ya durƙushe, sai ta yi ta kayar da duk ƙudurin da aka kawo na a kira zaɓen. Aka shafe wata 17 mazaɓa mai kujeru uku tana da wakilai biyu. Hujjar da ake iya fakewa da ita a irin wannan mazaɓa ita ce ai mutane ba su rasa wakili ba. A ganina hujjar ba ta da ƙafa, domin a majalisa kujeru ake ƙirgawa, kuma kowace doka da ta wuce a tsawon lokacin ta wuce ne da muryar Donegal a tauye.

Pearse Doherty, sanata daga jam'iyyar adawa ta Sinn Féin, ya kai ƙara babbar kotu. A farkon Nuwamban 2010 shugaban kotun, Nicholas Kearns, ya yanke cewa jinkirin ya wuce hankali kuma ya saɓa wa tsarin mulki. Ranar 25 ga watan aka yi zaɓe, Doherty ya lashe, a daidai makon da ƙasar ke karɓar tallafin ceto daga Tarayyar Turai da asusun IMF. A 2011 sabuwar majalisa ta gyara dokar zaɓe: dole a ba da umarnin cike gurbi cikin wata shida.

Gyaran ya magance jinkiri, amma bai taɓa matsalar lissafin ba. Wasu ƙasashe masu irin wannan tsari sun bi wata hanya. A Malta ba a sake kiran masu zaɓe. Ƙuri'un da suka kai wakilin majalisa ake sake buɗewa a ga wa suka nuna a bayansa, haka ma a jihar Tasmaniya ta Ostireliya. Ita kanta Ayalan ba ta yin zaɓen cike gurbi a kujerunta na majalisar Turai, jerin sunayen madadi ake bi. Na fi karkata ga hanyar Malta, domin waɗanda suka ba da kujera su ya kamata su ce wa zai gaje ta. Sai dai na san abin da za a rasa: damar da talaka ke samu ya ja wa gwamnati kunne a tsakiyar zango. A Dublin Bay ta Kudu, a Yulin 2021, haka masu zaɓe suka yi, suka miƙa wa Ivana Bacik ta jam'iyyar Leba kujerar da Eoghan Murphy na jam'iyyar Fine Gael ya bari, Fine Gael mai mulki ta tashi babu wakili ko ɗaya a mazaɓar.