Yarjejeniyar Ottawa ta Haramta Nakiyoyin Ƙasa

Yarjejeniyar Ottawa yarjejeniya ce ta ƙasa da ƙasa da ta haramta ƙera nakiyoyin da ake binnewa domin su tashi da mutum, da ajiye su, da sayar da su, da amfani da su. An amince da ita a birnin Oslo a watan Satumba na 1997, aka sa mata hannu a Ottawa ta Kanada a watan Disamba, ta fara aiki ranar 1 ga Maris, 1999. Ba ta shafi nakiyoyin da ake ɗana wa motoci da tankokin yaƙi ba.

Tarihi

Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 likitocin ƙungiyar agaji ta Red Cross suka fara kokawa da yawan ƙafafun da suke yankewa a Afganistan da Kambodiya da Angola. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa manoma ne da makiyaya da yara, kuma galibi bayan an daina yaƙin. Nakiya ba ta san an yi sulhu ba. Tana nan a gona ko bakin hanyar rafi shekara da shekaru, har sai wani ya taka.

Akwai wata yarjejeniya ta 1980 da ta taƙaita amfani da nakiyoyi, amma ba ta hana komai ba a zahiri. A 1992 ƙungiyoyi shida masu zaman kansu, ciki har da Human Rights Watch da Handicap International, suka haɗa gangamin neman haramci kwata-kwata, Jody Williams ta Amurka tana jagoranta. Beljiyam ce ta fara kafa dokar haramcin a 1995. A Oktoban 1996 ministan harkokin wajen Kanada, Lloyd Axworthy, ya ƙalubalanci ƙasashe su hallara a Ottawa kafin ƙarshen 1997 su sa hannu kan yarjejeniyar haramcin, matakin da ya zo wa manyan ƙasashe ba zato. Ziyarar Gimbiya Diana zuwa Angola a Janairun 1997, sanye da rigar kariya a filin da ake kwance nakiyoyi, ta ƙara jawo hankalin duniya. Ƙasashe 122 suka sa hannu a taron Ottawa na Disambar 1997, kuma a shekarar aka ba gangamin da Williams kyautar zaman lafiya ta Nobel. Burkina Faso ce ƙasa ta 40 da ta tabbatar da yarjejeniyar, adadin da ake buƙata kafin ta fara aiki.

Sharuɗɗa

Kowace ƙasa za ta lalata nakiyoyin da ke rumbunta cikin shekara huɗu, ta share filayenta cikin shekara goma, sai dai ana yawan neman ƙarin wa'adi. Mozambik ta sanar da kammala nata aikin a 2015.

Halin da ake ciki

Fiye da ƙasashe 160 sun shiga. Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Pakistan ba su shiga ba. A 2025 Finland da Poland da Estoniya da Latbiya da Lituwaniya suka sanar da ficewa, suna kafa hujja da barazanar Rasha.