Real Madrid da Barcelona: Amsoshin Tambayoyin da Ba Sa Ƙarewa

Duk lokacin da karawar ƙungiyoyin nan biyu ta ƙarato, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawo mini, har ta kai na haddace su. Ga amsoshinsu wuri guda, domin a huta da sake aiko su.

Mene ne El Clasico?

Wasan Real Madrid da Barcelona ne, a kowace gasa suka haɗu. Babu wani kofi mai wannan suna.

Yaushe suka fara karawa?

A watan Mayun 1902, kuma Barcelona ce ta ci 3-1.

Gaskiya ne Janar Franco ne ya ba Real Madrid kofunanta?

Wannan magana ta fi yawa a bakin waɗanda ba su taɓa duba tarihin ba. Gaskiya ne Franco, wanda ya mulki Sifaniya daga 1939 zuwa 1975, ya danne harshen mutanen Kataloniya, yankin da Barcelona take, da tutarsu, kuma dakarunsa ne suka kashe shugaban Barcelona, Josep Sunyol, a 1936. Gaskiya ne kuma gwamnatinsa ta yi ado da Kofin Zakarun Turai guda biyar da Madrid ta ci a jere daga 1956 zuwa 1960. Sai dai mai wannan zargi ya fara gaya mana dalilin da ya sa Madrid ba ta ɗauki La Liga ko sau ɗaya ba tsakanin 1933 da 1954, alhali Barcelona ta ɗauka sau biyar a wannan tsakanin, duk Franco yana kan karaga.

Idan musu ya tashi kan wadda ta fi, da me zan kafa hujja?

A nan dole in tsaya, domin amsar ta danganta da abin da kuka amince za ku ƙirga tun kafin a fara gardamar. Idan wasannin gasa kaɗai ake nufi, tazarar nasarorin da ke tsakaninsu ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba, ta yadda kaka guda tana iya juya lissafin, saboda haka alƙaluman da ka haddace bara ba lallai su yi maka amfani bana ba. Idan kuwa aka haɗa da wasannin sada zumunta, Barcelona ce a gaba, amma magoyin bayan Madrid yana da damar cewa waɗannan ba a bakin komai suke ba, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba.

Idan kofuna za ku ƙirga, to ku fara tsayar da wane kofi. Zuwa ƙarshen kakar 2024/25, Madrid tana da Kofin Zakarun Turai 15, Barcelona 5. A La Liga Madrid 36, Barcelona 28. Amma a Copa del Rey Barcelona ce ke da 32, Madrid 20. Ni a ganina kofin Turai ya fi nauyi, ko da yake biyar na farko an ci su ne lokacin da ƙungiyoyin da ke shiga gasar ba su da yawa, kuma abokin musunka zai iya riƙe wannan.

Abin da nake shawartarka shi ne ka yi hattara da 11-1 ɗin da Madrid ta ci a 1943, a wasa na biyu na wata karawar gida da waje. Sakamakon yana nan a rubuce, amma Barcelona ta ci wasan farko 3-0, kuma magoya bayanta har yau suna cewa an tsoratar da 'yan wasansu kafin na biyun, ɓangaren Madrid kuma yana musantawa. Da zarar ka ambace shi, maganar ƙwallo ta ƙare, an koma siyasa.

Messi ko Ronaldo, wa ya fi cin ƙwallo a karawar?

Messi, da 26. Ronaldo yana da 18, daidai da Alfredo Di Stefano.

Da gaske an jefi ɗan wasa da kan alade?

An jefa wa Luis Figo shi a Camp Nou, filin wasan Barcelona, a 2002, yana shirin bugun kusurwa, shekara biyu bayan ya bar Barcelona ya koma Madrid. Babu abin burgewa a ciki, a daina ba da labarin ana dariya.

Barcelona ta ci duka wasanni huɗu na kakar 2024/25. Shi ke nan Madrid ta ƙare?

Ku kwantar da hankalinku. An sha kashi, babu musu: 4-0 a Bernabeu, 5-2 a Jidda, 3-2 a wasan ƙarshe na Copa del Rey, sannan 4-3. Amma a Janairun 1994 Barcelona ta lallasa Madrid 5-0, Romario ya ci uku, sai ga shi a Janairun 1995 Madrid ta rama da 5-0, Ivan Zamorano ya ci uku, kuma Michael Laudrup, wanda ya bar Barcelona ya koma Madrid a tsakani, yana ɓangaren da ya yi nasara a duka biyun. Wannan karon ma, haɗuwarsu ta gaba a Oktoban 2025, Madrid ce ta ci 2-1.